Aska da Tambari a Ƙirjin Riga

Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808 sarautar Gobir ta rarrabu, daga baya wani reshenta ya kafu a Sabon Birni, maƙwabciyar Isa. A wannan ƙarnin ne babbar riga mai aiki ta zama tufar masu mulki a Daular Sakkwato, sarakuna suna ba da ita tukuici ko shaidar naɗi.

Aikin ƙirjinta kuwa ba ado ba ne kurum. Dogayen tsinin nan da ake kira aska biyu ko aska takwas, masana suna fassara su da kariya daga kambun baka. Da'irar da ke gefensu sunanta tambari, watau gangar da ba a kaɗa wa kowa sai sarki. Gidan biyar ya yi kama da hatimi, ba mamaki, domin sau da yawa malamai ne ke zana aikin kafin a ɗinka.

Sai dai wannan riga ba ta bambanta Bagobiri da Bafillacen da ya yaƙe shi ba. Abin da ya bambanta su aikin wata askar ce, ta wanzami, wadda ke tsaga zanen Gobirci a kumatu.