Insha'in Ingilishi a Jarrabawar Bakaloreya a Nijar: Asalinsa da Abin da Yake Aunawa

1. Gabatarwa

Kowace shekara, daga tsakiyar bazara har zuwa faɗuwar damina, ɗaliban ajin ƙarshe na lise a unguwar Bobiel ta Yamai, kamar takwarorinsu na Damagaram, Maraɗi da Tawa, sukan duƙufa ga shirin jarrabawar bakaloreya, wadda aka fi sani da bak. Daga cikin abubuwan da ake horar da su a kai akwai rubuta insha'i da Ingilishi a cikin ƙayyadadden lokaci, ba tare da ƙamus ko taimakon malami ba. Da yake an saba da wannan aiki, akan ɗauke shi tamkar abin da ya kasance tun fil'azal, alhali kuwa yana da mafari da dalilan da suka haifar da shi. Manufar wannan nazari ita ce bin sawun wannan al'ada tun daga tushenta, da bayyana yadda ta iso ƙasar Nijar, sannan a duba abin da tarihin nata yake nuna wa masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci.

2. Tushen jarrabawar rubutu

Gwada ilimin mutum ta hanyar rubutu a cikin keɓaɓɓen wuri tsohon abu ne. Ƙasar Sin ta yi amfani da shi wajen zaɓen ma'aikatan mulki tun daga zamanin daular Sui, wajen shekarar 605, ba ta kuwa bar shi ba sai a 1905. Amma tsarin da Nijar ta gada daga Faransa ya fito. Napoleyon ne ya kafa bakaloreya da dokar 17 ga Maris 1808, kuma a zama na farko, a 1809, mutum 31 kaɗai suka samu takardar. A wancan lokaci jarrabawar ta baka ce zalla: ɗalibi ya tsaya gaban malamai, su tambaye shi, ya amsa. Sai a 1830 aka shigo da gwajin rubutu na farko, a 1853 kuma aka ba harsunan waje na zamani gurbi.

Sauye-sauye biyu ne suka fi shafar batun da ake nazari. Na farko shi ne na 1880, lokacin da insha'in Faransanci ya maye gurbin na Latin, abin da ya share fage ga salon muhawara da ake kira disartasiyo, mai gabatarwa, da gangar jiki inda ake kawo ra'ayi da kishiyarsa sannan a daidaita su, da kammalawa. Na biyu shi ne na 1902, lokacin da hukumar ilimi ta Faransa ta wajabta koyar da harshen waje da harshen kansa, ba tare da bi ta fassara ba, ta kuma sa ɗaliban sassan da suka ba harsuna muhimmanci su riƙa tsara rubutu kai tsaye da Ingilishi ko Jamusanci a ranar jarrabawa. Daga nan ne insha'in Ingilishi na bakaloreya ya samo asali.

A Ingila ma an bi irin wannan tafarki. Jami'ar Kambirij ta kafa hukumar jarrabawarta a 1858, kuma a 1913 ta shirya jarrabawa ta farko ta ƙwarewa a Ingilishi domin baƙi. Awa 12 ta ɗauka, da insha'i a cikinta. Mutum 3 suka zauna, babu wanda ya ci.

3. Abin da aka tarar a ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa tana da nata hanyoyin tabbatar da ilimi. Almajiri yakan biya allonsa gaban malam, idan ya riƙe a wanke a rubuta masa na gaba, har ya kai ga sauka. Wanda ya yi hadda yakan nuna ƙwarewarsa ta rubuta Alƙur'ani da ka, aikin da kan ci watanni. A makarantun ilimi kuwa, malami ne ke ba ɗalibi izinin karantar da littafin da ya gamsu ya fahimta. A duk waɗannan matakai ana auna inganci da riƙo, kuma lokacin gwaji yana zuwa ne sa'ad da malami ya ga ɗalibi ya nuna. Abin da lakkwal ta kawo sabo shi ne tara ɗalibai masu yawa a rana ɗaya, a ba su tambaya ɗaya, a buga ƙararrawa a karɓe takardu, sannan wanda bai san su ba ya ba su maki bisa 20.

4. Zamanin mulkin mallaka

Faransa ba ta yi gaggawar kawo bakaloreya ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma ba. Ƙololuwar karatu ga mafi yawan hazikan yankin ita ce makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal, wadda ta zauna a tsibirin Gore daga 1913, ta koma Sebikotan a 1938. Can ne Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Takardar da makarantar ke bayarwa ta yankin ce, ba daidai take da ta Faransa ba. Abin lura shi ne, ɗaliban Ponty sun bar tarin rubuce-rubuce kan al'adun garuruwansu, waɗanda suka tsara da Faransanci bayan bincike a lokacin hutu. Wannan ya nuna cewa ko a cikin tsarin mallaka an san wani nau'in rubutu da ake ba lokaci ya nuna, dabam da na ɗakin jarrabawa.

Taron Barazabil na 1944 ya nanata cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, a hana harsunan gida shiga aji. Bayan 1946 aka fara daidaita manhajojin yankin da na Faransa, inda brebe da bakaloreya suka shigo, tare da Ingilishi a matsayin harshen waje. A Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, makarantar da daga baya ta zama Lise Nasiyonal, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Isa Korombe, ita ce ta fara kai ɗalibai wannan mataki. Duk da haka, a 1960 yaran Nijar da ke lakkwal ba su kai kashi 5 cikin ɗari na waɗanda suka isa shiga ba. Ke nan jarrabawar da aka gada an ɗinka ta ne domin ƴan ƙalilan.

A ƙetaren iyaka, Arewacin Nijeriya ta bi wata hanya. Tun daga makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ana fara karatu da Hausa kafin a shiga Ingilishi. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 sun samar da masu rubutun zube da harshensu. A 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, wadda ta gaji aikin Kambirij a yankin.

5. Bayan samun ƴancin kai

Ingilishi ya ƙara samun daraja a Nijar bayan 1960, saboda iyakar da ta haɗa ta da Nijeriya mai tsawon kimanin kilomita 1,500, da cinikin da ke tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano. A 1962 rukunin farko na ƴan sa-kai na Amurka, Peace Corps, ya iso domin koyar da Ingilishi, ƙungiyar kuma ta ci gaba da aiki a ƙasar har 2011. An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992; ita ce ta daɗe tana riƙe da shirya bakaloreya kafin a miƙa aikin ga ofishi na musamman. Shi kansa Abdu Mumuni, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a mai da harsunan gida harsunan koyarwa.

An ɗauki wasu matakai a wannan fanni. Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 kuma aka kafa cibiyar INDRAP mai kula da manhajoji da littattafai. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, sannan dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa guda 10. Sai dai waɗannan sauye-sauye sun fi tsayawa ne a firamare. Lise da bakaloreyarta sun ci gaba da tafiya bisa tsarin da aka gada. A Maris 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, abin da ya ƙara wa tambayar koyar da rubutun Ingilishi nauyi.

6. Ɗalibin Bobiel da harsunansa

Bobiel tana cikin unguwannin da suka bunƙasa da faɗaɗar Yamai, kuma mazaunanta sun fito daga sassa daban-daban na ƙasar. Ɗalibin da ya tashi a nan yakan yi Zabarmanci ko Hausa a gida, sau da yawa duka biyu, ya yi karatu da Faransanci tun daga firamare, ya fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji. Idan ya isa ajin ƙarshe na lise, ya shekara 7 yana koyon harshen da ba safai yake jin sa a kasuwa ko a fada ba. Shirin da yake yi ya ƙunshi bitar tambayoyin shekarun baya, da darussan ƙari na yamma, da jarrabawar gwaji, duk a cikin zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40.

Kura-kuran da akan samu a irin wannan rubutu suna da tushe da za a iya bayyanawa. Zabarmanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, don haka “he” da “she” sukan rikice wa mai jin sa, alhali Bahaushe, mai “shi” da “ita”, bai cika faɗawa nan ba. Hausa kuwa tana nuna lokaci a kan wakilin suna da ke gaban aikatau, kamar “ya tafi” da “zai tafi”, shi ya sa ɗafa-ƙeyar da Ingilishi ke liƙa wa aikatau takan zube idan hannu yana sauri. Faransanci ma yana kawo nasa tarko: “library” ba kantin littattafai ba ne, “actually” kuma ba ta nufin “a halin yanzu”.

Matsalar tsari ta fi ta nahawu zurfi. Tun a 1966 Robert Kaplan ya ja hankali ga yadda al'adun rubutu suka sha bamban wajen jera tunani. Malamin falsafa yana koya wa ɗalibi ya jinkirta hukunci, ya gabatar da matsala, ya auna ɓangarori biyu kafin ya yanke. Insha'in Ingilishi kuwa ya fi son a faɗi matsaya tun a sakin layi na farko, kowane sakin layi kuma ya buɗe da jimlar da ke ɗauke da jigonsa. Maganar Hausa ta dattaku tana da nata tsari, mai farawa da gaisuwa da shimfiɗa, mai kafa hujja da karin magana. Ɗalibi yana ɗauke da tsari uku, ba a kuwa cika zaunar da shi a nuna masa bambancinsu ba.

Ƙayyade lokaci shi ke fito da wannan rauni fili. Misalin WAEC ya isa a gane lissafin: tana neman kalmomi 450 a cikin kimanin minti 50. Idan aka ware minti 10 domin tsara tunani, da 5 domin bita, saura 35, wato kusan kalmomi 13 a kowane minti. Wanda ke yin tunani da Hausa, ya juya shi zuwa Faransanci a takardar gwaji, sannan ya fassara zuwa Ingilishi, ya yi tafiya uku a lokacin da aka yanka wa tafiya ɗaya. Mafitar da da yawa ke kamawa ita ce haddace gabatarwa da kammalawa tun daga gida, a liƙa su ga duk tambayar da ta fito. A nan ƙwarewar hadda ta rufe gurbin ƙwarewar tsara magana, makin da aka samu kuma ba ya nuna gaskiyar abin da ɗalibi ya iya.

7. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa insha'in Ingilishi na bakaloreya an tsara shi ne a 1902 domin yaron Faransa da ya riga ya iya tsara rubutu da harshen uwarsa, sai aka ɗora shi a kan yaron da bai taɓa rubuta shafi ɗaya da nasa harshen ba. Binciken Jim Cummins na 1979 ya nuna cewa ƙwarewar karatu da rubutu da aka kafa a harshen farko tana ƙetarawa zuwa harshen da aka koya daga baya. Bisa wannan, akwai ayyuka uku da suka dace da masu tsara manufofi. Na ɗaya, a shigar da rubutun insha'i da harsunan ƙasa a kwaleji da lise, har da azuzuwan manya na yaƙi da jahilci, kada koyarwa ta tsaya ga haɗa baƙi da sa hannu. Na biyu, a riƙa tattara takardun jarrabawa bayan an ɓoye sunayen masu su, a nazarci kura-kuran bisa harshen gida na kowane ɗalibi, domin littattafan koyarwa su ginu a kan abin da aka gani. Na uku, a raba horon gida biyu: rubutun da ake ba kwanaki ana gyara shi, da rubutun da ake yi ana duban agogo, na farkon kuma ya riga na biyun, domin sauri ba ya samuwa sai ga hannun da ya riga ya san hanya.