Aji Ɗaya, Biyu ko Uku: Tarihin Auna Sankarar Mama

Sana'ata yankan tsoka ce a ɗakin gwaji na asibiti. A kawo ƙullutun da aka ciro daga maman mace, in daskarar da shi cikin kaki, in fere shi siriri har haske na ratsa shi, in ɗora a gilashi, in rina. Daga nan sai likitan nazarin tsoka ya leƙa ta madubin ƙara girma, ya rubuta aji ɗaya, biyu ko uku, gwargwadon muguntar da ya gani a ƙwayoyin. Wannan lamba tana cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ce mace ta sha maganin kemo ko a ƙyale ta. Shi ya sa tambaya ɗaya ta daɗe tana damun masu aikin: in an ba likita biyu gilashi ɗaya, bakinsu zai zo ɗaya?

Tun wajen 1890 David von Hansemann a Jamus ya lura cewa duk ƙwayar sankarar da ta yi nisa da kamannin tsokar da ta fito ciki ta fi ɓarna. Albert Broders na Mayo Clinic a Amurka ne ya mayar da wannan lura ma'auni a 1920, bayan ya duba sankarar leɓe 537 ya kasa ta aji huɗu. Robert Greenough a Boston ya gwada dabarar a kan mama a 1925, da mata 73, ya tsaya a aji uku. Patey da Scarff na asibitin Middlesex a Landan suka ɗora a 1928. Duk wannan aikin ido ne da ƙwarewa, kamar malamin auduga da zai damƙi kaya ya ce lamba biyu ce, ba mai ja da shi sai wani malamin.

A asibitin na Middlesex ne dai Bloom da Richardson suka shigo da lissafi a 1957, da mata 1,409. Abu uku suka ce a duba: ko ƙwayoyin na jeruwa su yi 'yan bututu irin na maman lafiya, ko cibiyoyinsu sun bambanta a girma da siffa, da kuma yawan waɗanda aka kama suna rabewa gida biyu. Kowanne maki 1 zuwa 3. Jimla 3 zuwa 5 aji ɗaya, 6 ko 7 aji biyu, 8 ko 9 aji uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin a 1968, amma likitoci da yawa suka ƙi sakin jiki da shi, kuma ban ga laifinsu ba. An ce "da yawa", an ce "kaɗan", galibi ba a faɗi nawa ba.

Gyaran da na fi girmamawa shi ne na Elston da Ellis na Nottingham a 1991. Sun ce bututu in ya wuce kashi 75 cikin ɗari maki ɗaya, in bai kai kashi 10 ba maki uku. Masu rabewa kuwa a ƙirga su a fili goma na madubi. Sannan suka kula da abin da aka daɗe ana tsallakewa: madubai ba faɗinsu ɗaya ba. Mai faɗin fili zai ga ƙwayoyi fiye da mai ƙunci, alhali tsokar ɗaya ce, don haka kowane likita sai ya auna nasa madubin ya daidaita ƙidaya. Saɓanin da ake ɗora wa idon mutum, ashe wani sashensa na ƙarfe da gilashi ne.

Ko da haka ba a gama ba. Siffar cibiya har yau hukuncin ido ne, kuma nan aka fi saɓawa. Da wuya wani ya ce aji ɗaya wani ya ce uku. Rigimar tana bakin iyakar aji biyu, inda mai shakka ke fakewa. Wani bincike a Holand da aka buga a 2020, a kan mata sama da 33,000 da ɗakunan gwaji 39, ya samu cewa a wani ɗakin kashi 16 ne ake kira aji ɗaya, a wani kuwa kashi 43. Ƙasa ɗaya, ƙa'ida ɗaya. A 2006 Sotiriou da abokan aikinsa sun bi ta ƙwayoyin gado 97, suka ga aji biyu na tsagewa: wasu halinsu na aji ɗaya, wasu na aji uku.

Ni dai ban yarda a jefar da ma'aunin ba. Yana da araha, madubi da rini kawai yake so, kuma shekaru sun nuna yana faɗin gaskiya a kan yadda cutar za ta kasance. Abin da ke hannunmu a asibitocinmu ya riga madubi zuwa. Tsokar da ta yi jinkirin shiga ruwan famalin mai hana ruɓewa, ko aka cusa ta ɗungurungum a ƙaramar kwalba aka yi doguwar tafiya da ita cikin zafi, cikinta ruɓewa yake, masu rabewa su ɓace, aji ya sauka ba gaira ba dalili. Likitocin tiyata, don Allah ku tsaga ƙullutu ku nutsar da shi a famalin isasshe tun a ɗakin fiɗa. Ke kuma 'yar'uwa, in sakamakonki ya tsaya a bakin iyaka, kina da haƙƙin neman wani likitan ya sake duba gilashin.