Ƙasa ko Ruwa: Makwancin Mamaci a Yankin Kura da Bunkure

Ƙona gawa da watsa tokarta cikin ruwa, kamar yadda mabiya addinin Hindu suke yi a kogin Ganga na Indiya, al'ada ce da ba ta da gurbi a ƙauyukan Kura da Bunkure, duk da cewa ruwa ya sauya rayuwar yankin tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka janyo shi ta magudanai zuwa gonakin Kadawa.

Mazhabar Malikiyya, wadda malaman Kano suka gada ta littattafai irin su Risala da Muhtasar, ta wajabta wanka da likkafani da salla da binnewa, kuma ba ta yarda a saki gawa a teku ba sai ga wanda ya rasu cikin jirgin ruwa, aka ji tsoron gawarsa za ta lalace kafin a kai tudu. Ko shi ma sai an yi masa sutura.

Kabarin Bahaushe hawa biyu ne: uwa, wato babban ramin, da 'ya, ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci bisa gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, sannan a rufe da itace ko fasassun tukwane. Sadakar uku da bakwai da arba'in, wadda ƙungiyar Izala ta yi suka a kanta bayan kafuwarta a 1978, ita ce takan dawo da dangi na nesa gida.