BABI NA UKU: TARIHIN YAWON SHAƘATAWA A ƘASAR BIRNIN KUDU DA GWARAM, TSAKANIN RA'I DA AIKI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda duwatsun Birnin Kudu suka shiga jerin wuraren yawon buɗe ido, sannan a auna tarihin nasu da ra'o'in da ake koyar wa ɗalibai a jami'a. Manufa ita ce a gano dalilin da ya sa wurin da ya yi suna a littattafan masana bai zama abin dogaro ga jama'ar da ke zaune a gefensa ba.

3.1 Fitowar Duwatsun Birnin Kudu

Mutanen Birnin Kudu sun san waɗannan duwatsu tun kaka da kakanni, amma labarinsu bai shiga rubuce-rubucen masana ba sai a shekarun 1950, lokacin da Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazari a kansu. Fagg (1956, 1957) ya bayyana abubuwa biyu. Na farko, zane-zanen da ke jikin kogunan dutse, waɗanda akasarinsu siffofin shanu ne, ciki har da shanu marasa tozo. Na biyu, duwatsu masu amo, waɗanda idan an buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya kuma nuna cewa duwatsun suna da alaƙa da al'adun aure na mutanen garin. Daga cikin wuraren akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu.

A shekarar 1964 gwamnati ta sanya wasu daga cikinsu a jerin kayan tarihi na ƙasa, bisa dokar kare kayan tarihi ta 1953. Daga 1979 kuwa kulawarsu ta koma hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda daga baya ta buɗe cibiyar bayanin zanen dutse a garin.

3.2 Yawon Shaƙatawa a Hannun Hukuma

Sai dai kare wuri daban, tallata shi daban. An kafa hukumar yawon buɗe ido ta ƙasa a 1976, aka sake mata fasali a 1992, kuma aikinta bai haɗu da na hukumar kayan tarihi ba. A tsohuwar Jihar Kano, gwamnatin Audu Baƙo (1967 zuwa 1975) ta mai da hankali ne ga Bagauda da Tiga da gidan namun daji na birnin Kano. Can aka gina masaukai, can kuma daga baya aka ajiye reshen makarantar koyon aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, wato a Bagauda. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kudu da Gwaram suka faɗa kudancinta, sabuwar jihar kuwa ta fara ne da gina ofisoshi da hanyoyi a Dutse.

3.3 Auna Tarihin da Ra'i

Leiper (1979) ya kasa yawon buɗe ido gida uku: inda matafiyi ya fito, hanyar da ya bi, da inda ya nufa. Idan aka ɗora wannan a kan yankin, za a ga cewa Kano ce mafita, Birnin Kudu da Gwaram kuwa sun fi zama hanya, domin motocin da suka biyo ta Wudil zuwa ƙasar Bauchi wucewa suke yi. Matafiyin da bai kwana ba, abin da zai bari a gari bai wuce kuɗin abinci da na mai ba.

Butler (1980) kuma ya ce wurin shaƙatawa yakan bi matakai shida, daga ganowa, zuwa shigowar mutanen gari, zuwa bunƙasa, har ya kai ga tsayawa cik, sannan ya mutu ko ya farfaɗo. Wannan bincike yana ganin cewa duwatsun ba su wuce matakai biyu na farko ba, kodayake an haura shekara sittin da ba su kariyar doka. A nan ne ra'in ya gaza, domin Butler ya gina shi a kan wuraren da kasuwa ke turawa gaba, alhali a Birnin Kudu hukuma ce ta fara zuwa, ɗan kasuwa bai biyo baya ba. Haka kuma ra'in bai yi la'akari da yadda al'ummar Musulmi ke kallon wurin da aka taɓa dangantawa da tsofaffin al'adu ba.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ɗalibin da ya haddace matakan Butler bai gama aikinsa ba sai ya je ya zauna da hakimi da dagatai da masu fasa dutse, ya ji abin da dutsen yake nufi a wurinsu. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya kawo masu nazari kusa da wurin, don haka uzurin nisa ya kau. Zanen da aka fasa ko aka goge ba ya dawowa, kuma jama'a ba za su tsare abin da ba su ga amfaninsa ba. Babi na huɗu zai duba hanyoyin da za a bi a haɗa Gwaram da Birnin Kudu cikin zangon ziyara guda.