Dimokuraɗiyyar Wilson: Wa Aka Ba, Wa Aka Hana?

A watan Afrilun 1917 Shugaba Woodrow Wilson ya nemi Majalisar Dokokin Amurka ta amince a yaƙi Jamus, da sunan kare dimokuraɗiyya a duniya. Watanni biyar kafin nan ya sake cin zaɓe da kirarin cewa shi ya hana ƙasar faɗawa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akan danganta sauye-sauyen wannan zamani da aƙidarsa ta kawo gyara. Matsayin wannan maƙala shi ne, lissafin ƙuri'a da buƙatar yaƙi ne suka yi rabon, ba aƙida ba.

Mu fara da mata. Tun Janairun 1917 Alice Paul, mai fafutukar neman wa mata ƙuri'a, da mabiyanta suka riƙa tsayuwa shiru a ƙofar Fadar White House, riƙe da ƙyallaye masu ɗauke da kalaman shugaban kansa. Da yaƙi ya kankama, har wani ƙyalle ya kira shi "Kaiser Wilson", wato aka jingina shi da sarkin Jamus. Aka kama su, aka ɗaure. Da suka shiga yajin cin abinci, aka riƙa danne su ana yi musu ɗura ta bututu. Abin kunya ne ga mai wa'azin 'yanci, amma kunya kaɗai ba ta sauya doka. A Nuwamban 1917 jihar New York ta ba mata damar zaɓe, ga su kuma cike da masana'antu. Sai a Satumban 1918 Wilson ya tsaya gaban Majalisar Dattawa yana cewa ba su ƙuri'a na cikin buƙatun yaƙi. Gyaran tsarin mulki na 19, wanda ya ba mata ƙuri'a, ya tabbata a Agustan 1920.

Baƙar fata ba su ga irin wannan ba. Daga 1913 gwamnatinsa ta raba ma'aikata baƙi da farare a ma'aikatun kuɗi da gidan waya, har wurin cin abinci da bayan gida. Da William Monroe Trotter, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ya kai ƙorafi fadar a 1914, ganawar ta ƙare da shugaban ya sallame shi a fusace. Duk da haka baƙar fata sama da 350,000 sun sa kakin soja. Ɗan sauƙin da suka samu, ƙafarsu ce ta nemo musu: yaƙi ya tsayar da kwararar masu ƙaura daga Turai, masana'antun Chicago da Detroit suka rasa ma'aikata, baƙar fata ɗaruruwan dubbai suka baro Kudu. Can ma tsugune ba ta ƙare ba. Tarzomar launin fata ta Chicago a Yulin 1919 ta ci rayuka 38. Dalilin bambancin a fili yake: ƙarfin jam'iyyar Wilson yana hannun fararen Kudu, waɗanda suka riga suka toshe wa baƙar fata hanyar akwatin zaɓe. Wanda ba shi da ƙuri'a, da me zai yi ciniki?

Masu adawa da yaƙin kuwa, dokokin 1917 da 1918 sun mayar da sukarsu laifi. Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu, an yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 10 saboda jawabi guda a Canton ta jihar Ohio. Daga kurkuku ya yi takarar shugaban ƙasa a 1920, ya samu ƙuri'a fiye da 900,000. Wilson ya ƙi yi masa afuwa har ya sauka. Magajinsa Warren Harding ne ya sake shi a Disamban 1921.