Ƙuri'a 18 a Manchester: yadda Arsenal ta hau rukunin farko a 1919

A kakar 1914 zuwa 1915, ta ƙarshe kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da gasar lig a Ingila, Arsenal tana rukuni na biyu, kuma ba ta zo ta ɗaya ko ta biyu ba. Teburin lokacin ya ajiye ta a ta shida, sai a 1975 aka gano kuskuren lissafin ƙwallaye aka mayar da ita ta biyar. Amma da aka dawo wasa a 1919, sai ga ta a rukunin farko, Tottenham kuwa an tura ta ƙasa. Tun daga ranar Arsenal ba ta sake faɗawa ba. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan magoya bayan Tottenham suna cewa da kuɗi aka sayi wannan kujera. Zargin ya cancanci a bi diddiginsa, domin shi ne tushen gabar da muke zuwa gidan kallon ƙwallo mu gani.

Arsenal ba 'yar arewacin Landan ba ce tun asali. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich, a kudu maso gabashin birnin, su suka kafa ta a 1886, ta shiga lig a 1893. Zuwa 1910 bashi ya yi mata katutu, sai Henry Norris ya karɓe ta. Dillalin gidaje ne mai kuɗi, magajin garin Fulham, kuma shugaban ƙungiyar Fulham ɗin. Da farko ya so ya haɗe ƙungiyoyin biyu, hukumar lig ta hana. A 1913 Arsenal ta faɗa rukuni na biyu da nasara uku kacal cikin wasa 38. A shekarar Norris ya kwashe ta ya tsallaka kogin Thames zuwa Highbury, filin da ya yi haya daga wata kwalejin horar da malaman coci, kimanin mil huɗu daga gidan Tottenham. Tottenham da Clapton Orient sun yi ƙorafi cewa baƙo ya zo raba musu 'yan kallo, ba a saurare su ba. Norris ya zuba dukiya a filin, yaƙi ya zo ya tsayar da kuɗin ƙofa. Don haka yana da dalilin neman rukunin farko ido rufe.

Sai dai bakin zaren yana Old Trafford, filin Manchester United, wurin da yawancin masu ba da labarin kan tsallake. Ranar 2 ga Afrilu 1915, Juma'ar da ke gabanin Ista, Manchester United ta ci Liverpool biyu da nema. George Anderson ne ya ci duka biyun. Tun ana wasan 'yan kallo suka ga alamun rashin gaskiya. An buga fenariti can nesa da raga, kuma da Fred Pagnam na Liverpool ya buga ƙwallo ta daki sandar saman raga dab da tashi, abokan wasansa suka yi masa ca. Kamfanonin caca sun lura an zuba kuɗi masu yawa a kan sakamakon biyu da nema. Hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta bincika, ta tabbatar 'yan wasan sun haɗa baki, ta kori bakwai daga ƙwallo har abada, huɗu daga Liverpool, uku daga United. Amma ba ta cire wa United maki ba. Kakar ta ƙare United tana da maki 30, Chelsea 29, Tottenham 28. Ma'ana, makin haramun ne ya ceci United ya jefa Chelsea cikin biyun ƙarshe.

Wannan ɓarna ce shugabannin ƙungiyoyi suka tarar a gabansu da suka taru a Manchester ranar 10 ga Maris 1919. Sun amince a ƙara ƙungiyoyin rukunin farko daga 20 zuwa 22. Derby County da Preston North End, ta ɗaya da ta biyu a rukuni na biyu, suka hau. Chelsea aka bar ta a matsayinta ba tare da hamayya ba, saboda kowa ya san an zalunce ta. Saura kujera ɗaya, ƙungiyoyi bakwai suka nema. Arsenal ta sami ƙuri'a 18, Tottenham 8, Barnsley 5, Wolverhampton Wanderers 4, Nottingham Forest 3, Birmingham 2, Hull City 1.

Hujjar Tottenham ita ce al'ada. A 1905, da aka faɗaɗa rukunin daga 18 zuwa 20, an bar Bury da Notts County da suka ƙare a ƙasa. Hakan gaskiya ne, amma a lokacin ma ƙuri'a aka kaɗa, ba doka ce ta ba su ba. Kuma wasan Old Trafford bai cuci Tottenham da komai ba: ko United ta sha kashi a ranar, Tottenham tana cikin biyun ƙarshe. Tausayin da Chelsea ta samu bai shafe ta ba.

To me ya kai ƙuri'un ga Arsenal? Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne John McKenna, shugaban lig kuma jigo a Liverpool, ya goyi bayanta saboda ta daɗe tana yi wa gasar hidima. Ita ce ƙungiyar kudu ta farko da ta shiga lig, shekara 15 kafin Tottenham ta shigo a 1908. Wannan dalili yana da rauni, domin Wolverhampton Wanderers tana cikin waɗanda suka kafa lig ɗin a 1888, kuma ta ƙare a saman Arsenal. Daga wannan rauni zargi ya tsiro. Wasu suka ce Norris ya yi toshiyar baki. Wasu suka ce ya yi wa McKenna barazanar tayar da maganar korar Liverpool da United gaba ɗaya.

Abin da ya ƙara wa zargin ƙarfi shi ne yadda Norris ya ƙare. A 1927 FA ta same shi da karya dokokin kuɗi, ciki har da biyan direbansa daga asusun ƙungiya da fam 125 na motar 'yan wasa da aka sayar, ta kore shi daga harkar ƙwallo har abada. Ya kai ƙarar ɓata suna, ya faɗi a kotu a 1929. Wanda aka kama sau ɗaya, duk abin da ya ɓace a unguwa shi za a nuna.

Amma ni wannan bincike ne ma ya sa nake ganin ba a sayi ƙuri'un ba. Hukumar da ta tono maganar fam 125 ba ta fito da komai game da 1919 ba, alhali Norris ya tara maƙiya a lokacin. Kuma a cikin masu ƙuri'a 18 ɗin, babu wanda ya taɓa fitowa ya ce an ba shi sisi. Abin da ke bayyane ya isa ya bayyana sakamakon. Norris ya sami lambar Sir a 1917, ya zama ɗan majalisar dokoki a 1918, ya san masu ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma ya yi kamun ƙafa a fili kafin taron. Jaridar Athletic News, wadda shugabannin ƙwallo ke karantawa, ta rubuta goyon bayan Arsenal a farkon 1919. Highbury kuma tana bakin tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, kusa da manyan tashoshin da jiragen arewa ke sauka, a zamanin da kuɗin ƙofa ne abincin kowace ƙungiya. Alfarma ce da sanayya da lissafin riba. Ba adalci ba ne, amma dokar lokacin ta yarda da shi.

Tottenham ba ta daɗe a ƙasa ba. Ta lashe rukuni na biyu a 1920 da maki 70, ta ɗauki kofin FA a 1921. Wadda nake jin zafinta ita ce Barnsley, ƙungiyar garin masu haƙar kwal a Yorkshire, wadda ta ɗauki kofin FA a 1912 kuma ta ƙare ta uku a 1915. In da teburi aka bi, kujerar tata ce. Ƙuri'a biyar ta samu. Ba ta taka rukunin farko ba sai a 1997, bayan shekara 78 da taron Manchester, ta yi kaka ɗaya ta koma.