Waƙar Jaz da Harshen Gida: Nazarin Rayuwa da Ayyukan Maki Asakawa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Maki Asakawa (1942-2010), mawaƙiyar jaz da buluz ta ƙasar Japan, domin gano abin da ya bambanta ta da takwarorinta. An dogara da fayafayanta da tarihin wuraren da ta yi wasa. Binciken ya gano cewa muhimmancinta ya ta'allaƙa ne a kan rera kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da harshen Japananci, da kuma ƙin barin ƙananan zauruka duk da sunan da ta yi.

1.0 Gabatarwa

Bayan yaƙin duniya na biyu, Amurka ta mamaye Japan daga 1945 zuwa 1952, kuma sansanonin sojojinta sun ci gaba da zama bayan haka. Kulob-kulob ɗin waɗannan sansanoni suka zama makarantar makaɗan jaz na ƙasar. Galibin mawaƙan da suka fito daga nan da Turanci suke rerawa, gwanintarsu kuwa ita ce iya kwaikwayo. Ita ma Asakawa a nan ta fara, amma ba nan ta tsaya ba.

2.0 Tasowarta

An haife ta ranar 27 ga Janairu, 1942, a garin Mikawa na lardin Ishikawa. Da ta gama sakandare ta yi aiki a ofishin hukumar garinsu, sannan ta ajiye ta nufi Tokyo. Muryoyin mawaƙan Amurka Mahalia Jackson da Billie Holiday ne suka ja hankalinta. Faifanta na farko ya fito a 1967 daga kamfanin Victor, bai kuwa yi kasuwa ba.

Al'amura sun sauya a 1968, shekarar da zanga-zangar ɗalibai ta girgiza unguwar Shinjuku ta Tokyo. Marubucin wasan kwaikwayo Shuji Terayama ya shirya mata wasa a Sasori-za, wani ɗan ƙaramin zaure na ƙarƙashin ƙasa a wannan unguwa. Daga nan ta koma kamfanin Toshiba, wanda ya fitar da kundinta na farko, Asakawa Maki no Sekai, a 1970.

3.0 Harshe da Jigo

Waƙoƙi biyu na 1969 sun isa misali. "Kamome", wadda Terayama ya rubuta, labarin wani matuƙin jirgin ruwa ne da ya kamu da son karuwa a garin gaɓar teku, har kishi ya kai shi ga kisa. "Yo ga Aketara" kuwa ita ta rubuta da kanta, a kan wadda take jiran wayewar gari ta bar garin da take zaune. Kaɗaici, giya, tashar jirgi da talaucin birni su ne jigogin, kuma duk na Japan ne.

Hatta waƙoƙin aro sai ta sake musu baiti da Japananci, kamar yadda ta yi wa waƙar Bessie Smith a kundin Blue Spirit Blues na 1972. Ta haka mai sauraro a Tokyo ya daina jin buluz a matsayin kayan baƙi, ya fara jin kukansa a ciki.

4.0 Dandali da Abokan Aiki

Kamanninta a dandali ba su sauya ba: baƙaƙen tufafi har ƙasa, dogon gashi, sigari a hannu, murya ƙasa-ƙasa. Ta yi aiki da makaɗan fiyano Yosuke Yamashita da Takeshi Shibuya, da kuma Ryuichi Sakamoto tun bai shahara ba. Ta nisanci talabijin, ta riƙe zauruka irin su Pit Inn na Shinjuku. Ta rasu a Nagoya ranar 17 ga Janairu, 2010, sakamakon ciwon zuciya, tana tsakiyar jerin wasanni.

5.0 Kammalawa

Sai a 2015 kamfanin Honest Jon's na Landan ya tattara waƙoƙinta ya kai su kunnen Turai. Wannan jinkiri shi ne kuɗin da ta biya na zaɓen harshenta. Duk da haka, wannan zaɓi ne ya sa ba a lissafa ta cikin masu kwaikwayo. Ya kamata manazarta waƙa su ƙara bincike a kan baitocinta, domin a nan gudummawarta ta fi yawa.